Limamin Kirista Da Ya Rubuta Labarin Kano

Daga wakilinmu na Arewa, Kabong, Jos

A ƙarshen shekarar 1894 wani limamin Kirista, mutumin Ingila, mai suna Charles Robinson ya iso Kano. Ya yi wajen wata uku yana koyon Hausa, yana tattara rubuce-rubucen ajami. A 1896 ya buga littafinsa Hausaland, ya bayyana kasuwar birnin, da rini, da cinikin bayi, da kuɗin wuri, tun Turawa ba su ci Kano ba a 1903.

To, amma gani ne na baƙo, wanda burinsa fassara Linjila. Jama'a, dattawanmu na Kano da Jos suna ta ƙarewa da tarihi a bakinsu. In ba mu rubuta ba, jikokinmu wurin baƙo za su nemi labarin gidansu.