Tsoho mai shan maganin taɓin hankali: a riƙa duba ƙafafunsa

Jama'a masu saurarenmu a Madawa, Buza da Keita, da ƴan'uwa da ke bin mu ta intanet daga Najeriya, Libiya ko Kodebuwa, yau maganarmu a kan tsofaffinmu ne da ke shan maganin taɓin hankali, irin su Haldol da Largactil. Ana ba da su ga mai ruɗewar tsufa, mai surutai, ko wanda ba ya barci da dare. Suna da amfani, amma an gano suna ƙara haɗarin daskarewar jini cikin jijiya.

Wani bincike da aka yi a Ingila, aka fitar a 2010, ya nuna cikin mutum 10,000 masu shekara 65 zuwa sama da suka sha irin maganin tsawon shekara guda, ana samun ƙarin mutum 10 da jini ke daskare musu. Ba yawa, gaskiya. Sai dai a wata uku na farko haɗarin yakan ninka biyu.

Maganin yana sa kasala da barci, tsoho ya yini kwance bisa tabarma bai motsa ba. Jini ba ya gudu sosai a ƙafa, sai ya yi guda. Ga zafin Afrilu da Mayu, ga tsoho ba ya neman ruwa sai an miƙa masa. Wanda aka ɗaure da mari kuwa, abin da har yanzu ana yi a wasu gidaje, nasa ya fi muni. Doguwar tafiya a mota zuwa Yamai ko Agadas ma haka.

Alamar ita ce ƙafa guda ta kumbura, ba biyu ba, sharaɓa na ciwo, wurin da ɗumi. Nan ake kuskure: a kama murzawa da man kaɗe, ko a kira wanzami ya yi ƙaho. Kada a yi! Gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. In numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya ɗau ciwo, ko tari da jini, ba a jiran gari ya waye. A nufi CSI mafi kusa ko asibitin gunduma, su ne za su tura Tawa in ta kama.

Kada kuma a tsai da maganin don an ji wannan shiri, ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Lokotoron da ya rubuta shi ne mai ragewa ko sakewa. A gaya masa in tsohon ya taɓa irin wannan kumburi, ko an yi masa aiki kwanan nan. A gida kuma a riƙa tada shi ya zaga tsakar gida safe da marece, a ba shi ruwa a kai a kai.

Ku da ke waje kuna aiko kuɗi ko magani, in kun buga waya kada ku tsaya ga "Yaya jikin Baba?". Ku tambayi wa ya rubuta maganin, ko a hannun ƴan talla aka saye shi, kuma yau Baba ya taka ƙafarsa ko a kwance ya yini.