Tantance Madogara da Shaidar Ido a Fagen Muhawara

Madogara ita ce tushen da mai muhawara ya samo bayaninsa, walau littafi ne, ko rediyo, ko bakin wani, ko kuwa abin da ya gani da idonsa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma galibi haka ne. Sai dai abin da mutum ɗaya ya gani shaida ce a kan abin da ya faru gabansa kawai. Manomin da ya ce takin zamani ya ƙone masa gero a Tsanyawa bai yi ƙarya ba, amma mai yiwuwa ne ruwa ya ɗauke bayan ya zuba takin.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne taƙaddamar rigakafin shan inna. A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano, bisa jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa. Masu wannan ra'ayi sun riƙa kafa hujja da abin da ya auku a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, inda yara 11 daga cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin suka rasu. Wannan ya faru, kuma ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. Amma magani daban ne, cuta daban, don haka bai tabbatar da zancen hana haihuwa ba. Kafin a dawo da rigakafin a watan Yulin 2004, cutar ta riga ta bazu zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita.

Malaman hadisi sun daɗe da shimfiɗa mana hanya, domin sukan bi isnadi su ga wa ya ji daga wa, da matsayin kowane mai ruwaya. Haka ya kamata malami ya horar da ɗalibansa. Idan yaro ya ce "an ce", a tambaye shi wa ya ce, a ina shi ma ya ji, kuma me zai samu idan aka yarda da shi. In kuwa ya ce "na gani", kada a gwasale shi a gaban 'yan ajinsu. A nemi ya faɗi sau nawa ya gani, sannan a ji ko akwai wanda ya ga saɓanin haka.