Daga Makaranta Zuwa Sana'a: Rayuwar Mai Tsaron Baya a Ƙwallon Amurka, Misali Daga Charles Woodson

Gabatarwa

Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya sha bamban da tamaular da aka saba gani. Wasa ne na jifa da cafkewa da karo, wanda makarantu da jami'o'i ke renon 'yan wasansa kafin ƙungiyoyin ƙwararru su ɗauke su. Wannan maƙala ta bibiyi matakan da mai tsaron baya ke takawa daga sakandare zuwa gasar ƙwararru ta NFL, ta hanyar duba rayuwar Charles Woodson, domin a ga yadda tsarin yake gina ɗan wasa da kuma abin da yake karɓa daga gare shi.

Aikin Mai Tsaron Baya

Kowane ɓangare yana shiga fili da mutum 11. Masu kai hari suna da dama huɗu su ciyar da ƙwallo gaba yadi 10, ko da gudu ko da jifa. Masu tsaron baya su ne sahun ƙarshe na masu kare gida, kuma iri biyu ne. Mai tsaron gefe yana manne wa ɗan wasan da ake shirin jefa wa ƙwallo, shi kuwa mai gadin ƙurya yana tsayawa can baya yana lura da filin baki ɗaya. Wahalar aikin ita ce abokin karawa ya san inda zai nufa, mai tsaro bai sani ba, sai dai ya fara da gudu da baya yana karantar motsinsa. Tun 1978 dokar NFL ta hana shi bangaje mai cafkewa bayan yadi biyar na farko. Babbar nasararsa ita ce ya cafke ƙwallon da aka jefa wa wani, domin hakan yana mayar da hari hannun ƙungiyarsa.

Matakin Sakandare

An haifi Woodson a 1976 a garin Fremont na jihar Ohio. A makarantar sakandaren Ross ya yi fice wajen gudu da ƙwallo, yana kuma tsaron baya, har aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon sakandare na jihar a 1994. A wannan mataki ne jami'o'i ke zawarcin yara, su yi musu tayin karatu kyauta muddin za su buga musu wasa. Woodson ya zaɓi Jami'ar Michigan, babbar abokiyar hamayyar jami'ar jiharsa ta Ohio State, kuma a can aka tsayar da shi a matsayin mai tsaron gefe.

Matakin Jami'a

Ya buga wa Michigan shekara uku, daga 1995 zuwa 1997, a ƙarƙashin mai horarwa Lloyd Carr. A shekarar ƙarshe jami'ar ta ci duk wasanninta 12, ta kuma raba kambun ƙasa da Nebraska. Ban da tsaro, Woodson yana shiga cikin masu hari lokaci-lokaci, yana kuma dawo da ƙwallon da aka doka. A karawarsu da Ohio State ya yi gudun yadi 78 ya ci maki. Wannan ya sa ya lashe kyautar Heisman ta 1997, inda ya shiga gaban Peyton Manning, ya zama na farko da ya same ta alhali ainihin aikinsa tsaro ne.

Akwai abin lura a nan. Filin wasan Michigan yana ɗaukar 'yan kallo sama da 100,000, ga kuma kuɗin talabijin, amma a wancan zamani dokar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta haramta wa ɗalibi karɓar ladan wasa ko na talla. Sai a 2021 aka ba ɗalibai damar cin moriyar sunansu da hotonsu. Haka kuma, waɗanda NFL ke zaɓa ba su kai kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'o'i ba. Saura sai su koma ga takardar shaidar karatu, in sun samu kammalawa.

Matakin Ƙwararru

Dokar NFL ba ta yarda a ɗauki ɗan wasa ba sai ya cika shekara uku da barin sakandare. A zaɓen shekara-shekara, ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara ɗauka, saboda haka sabon ɗan wasa ba shi da ta cewa game da garin da zai zauna. A 1998 an ɗauki Manning na ɗaya, Oakland Raiders ta ɗauki Woodson na huɗu, kuma ya zama gwarzon sababbin masu tsaro a shekarar.

A Janairun 2002 ya kaɗe ƙwallo daga hannun Tom Brady, tsohon abokin wasansa a Michigan, a wani wasan sili-ɗaya-ƙwale. Alƙalai suka duba hoton bidiyo suka yanke cewa jifa ce da ba ta kai ba, New England Patriots ta yi nasara. An soke dokar da aka dogara da ita a 2013. Bayan raunuka sun rage masa kasuwa, ya koma Green Bay Packers a 2006. A shekara takwas a Oakland ya cafke jifa 17, amma a shekara bakwai a Green Bay ya cafke 38, saboda an riƙa sauya masa wuri a fili yana amfani da gogewarsa. Ya zama gwarzon mai tsaro na 2009, ya kuma ci kofin Super Bowl a Fabrairun 2011, duk da cewa ƙashin kafaɗarsa ya karye kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Da shekaru suka ja, sauri ya ragu, sai ya koma gadin ƙurya, inda hangen nesa ya fi gudu amfani. Ya dawo Oakland a 2013. A Oktoban 2015, yana da shekara 39, ya cafke jifar Manning sau biyu a wasa ɗaya. Ya yi ritaya a ƙarshen kakar da jimillar jifa 65 cikin shekara 18, kuma a 2021 aka karrama shi da Manning tare a zauren gwarazan wasan.

Kammalawa

An ga yadda sakandare ke gano baiwa, jami'a ta sarrafa ta, ƙungiyar ƙwararru ta saye ta. Woodson ya daɗe ne domin ya iya sauya matsayi duk lokacin da jiki ya buƙaci haka, daga mai gudu da ƙwallo zuwa mai tsaron gefe, daga nan zuwa mai gadin ƙurya. Sai dai irinsa ba su da yawa. Mafi yawan masu shiga NFL ba sa wuce 'yan shekaru kafin rauni ko sallama ta raba su da fili, don haka mai nazarin wannan tsari ya kamata ya auna shi da makomar dubban ɗaliban da ba su kai inda Woodson ya kai ba.