Hukuma ta sake suna, malamin yaƙi da jahilci fa?

A shekarar 2020 Ghana ta kafa dokar da ake kira Act 1055, wadda ta mayar da sashen yaƙi da jahilci na Ma'aikatar Ilimi, wato NFED, ya zama hukuma mai zaman kanta mai suna CEA. A takarda ci gaba ne. Amma wanda nauyin canjin ya fi sauka a kansa shi ne malamin da ke tsaye gaban allo bayan la'asar.

A tsohon tsari, malamin ɗan sa-kai ne. Jama'ar unguwa ke zaɓarsa, a ba shi gajeren horo, ya riƙe aji na wata 21 ba albashi. In an kammala, sai a sallame shi da keke ko keken ɗinki. Shirin ya daɗe yana dogaro da kuɗin Bankin Duniya, ana karantarwa da harsunan ƙasa 15, irin su Dagbani, Gonja da Twi. Hausa ba ta ciki, ga shi kuwa ita ce harshen zango daga Nima har Kumasi.

Yanzu aikin ya faɗaɗa. Ban da manya, hukumar na kula da yaran da ba su shiga makaranta ba ko suka fita, ga kuma koyar da sana'a. Su ma ɗaliban sun canza. Hajiya mai sayar da waakye ba rubuta sunanta kawai ya kawo ta ba. So take ta karanta saƙon MoMo da kanta, kada ɗan damfara ya kwashe mata jari.

To, wa ya koya wa malamin wannan? A kwalejin horon malamai, yadda ake tafiyar da yara aka fi koya mana. Babba kuwa daban yake: ya yini a kasuwa, ya zo a gajiye, kuma in ka kunyata shi sau ɗaya, shi ke nan, ba ka ƙara ganinsa. Malamin da ya san wannan sirri, shekaru ne suka koya masa. Ranar da yunwa ta tura shi tuƙin okada, da shi da ilimin suka tafi.

Abu uku malaman nan ke buƙata: alawus mai zuwa kan lokaci, horo kan waya da lissafin kuɗi, da littattafai cikin harshen da ɗalibi ke ji. Sarakunan zango da limamai na da bakin da za su kai wannan magana ofishin gunduma. Kafin nan, ba wa malami ɗaki da fitila a makarantar unguwa bai fi ƙarfinmu ba.