Daga Kano Zuwa Gembu: Abin da Filaye da Duwatsu Ke Nuna wa Matafiyi

1.0 Gabatarwa

Tafiyar falke dabam, ta mai yawon buɗe ido dabam. Shi falke babban burinsa ya isa zango kafin rana ta faɗi, amma mai yawon buɗe ido hanyar ita kanta ce ribarsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi hanyar mota wadda ta tashi daga Kano ta dire a Gembu, bisa tsaunin Mambila, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, ta kuma ratsa jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Gombe da Adamawa da Taraba. Za a nuna cewa abin da ido ke gani ta tagar mota yana da dangantaka da tarihi da harshe: inda ƙasa ta shimfiɗe, sarauta ɗaya da harshe ɗaya sukan mamaye ta, inda kuwa ta yi duwatsu, sai al'ummu da harsuna su yawaita.

2.0 Filayen Ƙasar Kano

Daga Kano zuwa Wudil ba abin da ke tare ido sai gonakin dawa da gero da gyaɗa, da itatuwan da manomi ya bari da gangan, watau kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo. Ƙauye na hangen ƙauye, daji kuwa ya yi ƙaranci. Irin wannan ƙasa ita ce ta doki da jaki da raƙumi. Mahayi na iya ratsa ta cikin 'yan kwanaki, saboda haka umarnin sarki da kayan fatake da harshen kasuwa duk sun sami saukin yaɗuwa.

Harshen Hausa kansa ya ɗauki kamannin wannan ƙasa. Yana da kalmomi masu yawa na rarrabe ƙasar noma, kamar jigawa da fadama da faƙo da laka da marmara da tudu da kwari. Amma idan aka zo kan tsaunuka, kalma ɗaya ce ke ɗaukar yawancin nauyin. Da wanda ake niƙa a kansa, da wanda yaro ke jifa da shi, da Dala, da manyan tsaunukan da ke taɓa gajimare, duk “dutse” ne. Wannan alama ce ta mutanen da hankalinsu ya fi karkata ga abin da ke ƙarƙashin fartanya.

3.0 Duwatsun Birnin Kudu da Ningi

A wajen Birnin Kudu ne manyan duwatsu suke fara ɓullowa jefi-jefi a tsakiyar gonaki. A kogunan wasunsu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi, akwai kuma duwatsun da in an buga su sukan yi amo kamar kuge. Zanen yana nuna cewa makiyaya sun daɗe da sanin wannan wuri.

Da an nausa kudu zuwa Ningi sai duwatsun su haɗe su zama jeri. A nan ne matafiyi zai fara ganin amfanin dutse ga wanda ba ya son a mallake shi. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 waɗansu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda saɓani kan haraji, suka fake a waɗannan duwatsu. Suka haɗa kai da mutanen wurin, irin su Butawa da Warjawa da Fa'awa, suka kafa mulkin da ya gagari Kano da Bauchi har zuwan Turawa. Dalili a bayyane yake: doki ba ya sukuwa a kan fā, mai baka kuwa da ke laɓe a bayan dutse ya fi barde sulke.

Abin da dutse ya yi wa mutane shi ya yi wa harsunansu. A ɗan wannan yanki ana samun Warjanci da Fa'anci da Miyanci da Siranci da Diranci, dukkansu 'yan'uwan Hausa ne cikin dangin harsunan Cadi, amma Bahaushe ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Kafin a shiga Bauchi, garin da Yakubu ya kafa a 1809, ya kamata a tsaya a Kafin Madaki a ga tsohon gidan Madaki, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu.

4.0 Daga Bauchi Zuwa Kwarin Binuwai

Daga Bauchi hanya takan juya gabas. A Dindima, inda ake ƙetare kogin Gongola, reshe ya ɓalle zuwa Yankari, dajin da aka keɓe a 1956 aka kuma buɗe wa masu ziyara a 1962. Can ne ake ganin giwaye da ɓauna da gwanki, da maɓuɓɓugar Wikki wadda ɗumin ruwanta ba ya sauyawa rani da damina.

Bayan Gombe sai a sake shiga duwatsu, na Tangale da Waja. Kusa da Kaltungo akwai dutsen Kilang, tsaye shi kaɗai kamar an kafa turmi, ragowar dutse ne mai aman wuta wanda ya daɗe da mutuwa. Mutanen Tula kuwa bisa tsauni suka yi mazauninsu, suka tokare gangaren da jerin duwatsu suka mai da shi gonaki hawa-hawa, don kada ruwa ya kwashe ƙasa. A nan manyan dangogin harsuna biyu suka yi kafaɗa da kafaɗa. Tangale na dangin Cadi ne, amma Tula da Waja da Dadiya da Cham na reshen Adamawa ne, cikin dangin Neja-Kwango. Tafiyar sa'a guda a mota tana iya ratsa harsunan da nisan da ke tsakaninsu ya fi na Hausa da Larabci.

Daga nan sai gangara zuwa Numan, ƙasar Bachama, inda Gongola ya haɗu da Binuwai. Ƙasa ta sake shimfiɗewa, zafi ya ƙaru, giginya da gonakin rake da shinkafa suka maye gurbin duwatsu.

5.0 Hawan Mambila

Mai lura da allunan gefen hanya zai ga sunayen garuruwa sun sauya. An bar su “Birnin” da “Kafin” da “Tudun” a baya, an shiga su “Mayo” da “Wuro”, watau kogi da gari a Fulatanci. Wannan sawun masarautun Muri da Adamawa ne. Jalingo, wadda ta zama hedkwatar Jihar Taraba a 1991, tana gindin duwatsun Mumuye. Daga can hanya ta bi ta Bali zuwa Serti, ƙofar gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya. A yankinsa ne Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, ƙololuwar da ba ta da ta biyu a ƙasar.

A Mayo Selbe ake fara hawa. Hanya takan yi ta naɗewa a jikin tsauni, kwazazzabo a hannu ɗaya, bangon dutse a ɗayan, mota na nishi da ƙaramar giya. Da an kai sama sai a tarar da wata duniya: tuddai masu ciyawa kore shar, hazo na bin ƙasa da safe, shanu ƙosassu, da gonakin ganyen shayi a Kakara kusa da Nguroje. Tsawon tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, iska kuwa takan yi sanyi da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau. Wannan sanyi ne ya hana ƙudan tsando zama, shi ya jawo Fulani makiyaya suka hau da garkunansu a ƙarni na 20, suka tarar da Mambila manoma. Zaman gona da garke a ƙasa ɗaya shi ne tushen rigingimun filaye da yankin ya sha fama da su.

Yankin ya kasance ƙarƙashin Jamus har Yaƙin Duniya na Farko, sannan ya koma riƙon Ingila. Da ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Nijeriya cikin Lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da ke Gembu take ɗauke da shi har yau. Harshen Mambila yana da kusanci da harsunan Bantu, Fulatanci kuma shi ne ya daɗe yana haɗa ƙabilu a kasuwannin tsaunin.

6.0 Kammalawa

An ga yadda fili ya haɗa mutane, dutse kuma ya ba ƙananan al'ummu mafaka har suka riƙe harsunansu. Sai dai kwaltar da ta ba matafiyi damar ganin wannan duka ita ce ke rushe shi. Abin da doki ya kasa, mota ta yi. Mutane sun sauko daga kan duwatsu sun tare a bakin titi, inda kasuwa da makaranta da tashar mota suke, Hausa kuwa ita ce harshen waɗannan wurare. Butawan Ningi a yau Hausa suke yi, a garuruwa da dama na ƙasar Bauchi kuma yara suna jin harshen kakanninsu amma ba sa mayarwa.

Saboda haka akwai aiki a gaban malaman harshe da ɗalibansu. Duk wanda zai bi wannan hanya ya kyautu ya riƙe littafi da na'urar ɗaukar magana, ya tambayi dattawan kowane zango sunan da suke kiran dutsensu da koginsu da itatuwansu, da ma'anar sunan garinsu kafin a Hausantar da shi. Dutsen Kilang zai jira wanda zai zo bayan shekara ɗari, amma tsohon da ya san sunayen kogunansa ba zai jira ba.