Bunsuru da Taure a Ƙasar Jar Akuya

Kafin a ga bunsuru an ji shi. Warinsa ke riga shi shiga gida, sai ɓaɓatu, sai tsinke igiya ya faɗa gonar maƙwabci a lokacin da gero ke bununi. Ba banza ba Bahaushe ya ɗora masa karin maganar wanda ya fita neman riba ya komo da asara: bunsuru ya je barbara ya dawo da ciki. A tatsuniya kuwa shi ne mai kaifin bakin da ya faɗa wa kura gaskiya uku ya kuɓuta.

A ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, awaki dukiyar mata ce, kuma mafi daraja ita ce jar akuyar Maraɗi, wadda a Najeriya ake kira ta Sakkwato. Cikinta wata 5 ne, tagwaye ba baƙon abu ba ne gare ta, in ta samu kulawa takan haihu sau 3 a shekara 2. Fatarta ce a da ayari ke ƙetara Sahara da ita, ta kai har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Don kare irinta aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963.

Matan da akuya ta haifa su ne jari, su ake ba maƙwabciya habbanaye, wato aron kiwo. Mazan fa? Garke ba ya buƙatar su duka. Nan dandaƙa ke shigowa, tun ɗan akuya bai wuce ƴan watanni ba. A da, icce da dutse ake sawa. Yau ma'aikacin lafiyar dabbobi na matse jijiyar maraina da ƙarfen Burdizzo, ba yanka, ba jini, ƙuda ba ya samun wurin sauka. Wanda aka yi wa ya zama taure. Wari ya tafi, yawo ya ƙare, ya zauna kan turke yana cin dusa, harawa da ƴaƴan gawo, abincin da gonakin Agye suka wadata da shi tun da manoma suka koma barin sabon toho a gona. Kitse ya hau, mahauta su yi rububinsa, dillali ya tura shi Jibiya ko Katsina. Malaman Malikiyya ma sun yarda a yi layya da taure in ya cika shekara, ko da yake sun fifita wanda ba a dandaƙe ba.

Abin da ke damuna shi ne zaɓin wanda za a dandaƙe. Uwar gida da kuɗin magani ko kayan ɗakin ɗiya suka matsa wa, mafi girman ɗan akuya take kamawa, don shi zai yi kuɗi. Wa zai ga laifinta? Sai dai ƙanana da masu dabbare-dabbare su ke saura a sake suna barbara, shekara kan shekara jan na dusashewa, jikin na ƙanƙancewa. An ce akuya ta yi wayo da yankakken kunne. Mu bai kamata sai irin ya lalace mu farga ba. Ɗan tagwaye ja wur, mai faɗin ƙirji, wanda uwarsa ke da nono, shi ya dace a bari, ko da matan unguwa ne za su haɗa kuɗi su biya mai shi, bayan shekara 2 su musanya shi da na wani gari don kada ya hau ƴaƴansa.