Me Ya Sa Faks Ke Katsewa a Wayar Intanet?

Kafin zuwan wayar salula a 2001, mai son tura takarda cikin gaggawa sai ya nemi ofishin da ke da layin NITEL da na'urar faks. Layukan sun mutu, amma wanda ya ajiye na'urarsa a Birnin Kudu ko Gwaram zai iya jona ta da wayar intanet da manhaja irin Asterisk ke sarrafawa. Nan ake shan wuya: na'urar ta yi ƙiii, ta ja rabin shafi, sai ta tsaya cak.

Faks da sauti yake aika takarda, kuma ba ya yafe tsaiko ko kaɗan. Ita kuwa wayar intanet gutsuttsura murya take yi, ta matse ta. In guntu ɗaya ya ɓace a hanya, kunnen mutum ba zai lura ba, amma faks na iya katsewa.

Don magance wannan, fara duba tsarin matse muryar. G.729 na dagula sautin faks, a koma G.711. Wanda ya fi shi ne T.38, da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar a 1998 musamman don wannan aiki. Sai dai in kamfanin da ke ba ka layi bai kunna nasa ba, aikin banza ka yi.

In abin ya ƙi, rage gudun na'urar daga 14,400 zuwa 9,600, ka gwada kashe ECM, wato tsarin gyara kuskure na na'urar. Kada kuma wani ya riƙa sauke bidiyo a layin lokacin da takarda ke tafiya.